Ɗaurin Jego a Cikin Malam

Ni ba marubuciya ba ce, ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, amma abin da ke raina ya isa in zauna in rubuta shi ko da hannuna zai ƙage. Duk matar da aka sallamo mata miji daga asibiti da ƙofa a gefen cikinsa da jaka manne a kai, don Allah ta sa a karanta mata wannan kafin dangi su fara kawo nasu ilimin. Sunana Saude, a Gagarawa Tasha nake aure. Maigidana kuwa Malam zan ce masa a nan, kamar yadda nake ce masa a gida.

Malam manomi ne, gero da dawa da riɗi. Da rani kuma ya ɗaure kayan koli a bayan keke ya bi kasuwanni. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ya wuni a kwance ba. 'Yan shekaru bayan an cire mana Jigawa daga Kano, wata Alhamis da rani, ya dawo daga kasuwar Maigatari, ya ci tuwo ya ƙoshi, sai ya ce cikinsa na murɗa. Na ce ai dole, wanda ya wuni bai ci ba ya zo ya haɗiye malmala uku. Washegari ciki ya kumbura ya yi tauri, in ka buga da yatsa sai ya yi amo kamar ganga. Ba bayan gida, ba ko iska.

Nan fa gidanmu ya koma kasuwar magani. Wannan ta jiƙo kanwa ungurnu, wancan ya ce filasko, wani ya ce tsamiya, liman ya aiko da rubutu. Duk ya sha, duk ya amayar. Wata tsohuwa har ta ja ni gefe tana tambaya wai da wa Malam ya yi rigimar iyakar gona. Na ce, "Gwaggo, mutum na neman mutuwa, ki ƙyale ni da maganar iyaka!"

Sai ranar Asabar, da aman ya sake launi yana wari, ƙaninsa ya samo a-kori-kura muka shimfiɗa masa katifa a baya muka nufi Gumel. Lokacin ana wahalar mai, kuɗin motar kaɗai ya cinye tunkiyata. A Gumel suka sa masa ƙarin ruwa, suka zura masa roba ta hanci, likita ya danna cikin ya ce wannan na Kano ne, kuma yau, ba gobe ba. Allah Ya saka wa mutumin nan da alheri, da ya riƙe mu ko kwana ɗaya ne da wani labarin nake ba ku.

Kano kuwa, kai! Layin kati, layin hoto, layin jini, mutum yana nishi a kan benci kai kana tsaye da takarda a hannu. Har safar hannu da zaren ɗinki mu muka saya. Ƙaninsa ya ba da jini. Suka ce hanji ne ya murɗe, wani sashe ya riga ya mutu, sai an yanke. Aka shiga da shi, ni kuma na zauna a gindin wata bishiyar darbejiya tare da sauran masu jinya, ban san me bakina ke karantawa ba.

Da aka fito da shi, nas ta yaye zanen gado don ta duba, sai na ga abin da idona bai taɓa gani ba. Ban da ɗinkin da ya ratsa tsakiyar ciki, a gefen hagu, ƙasa da cibiya kaɗan, ga wata tsoka ja jawur ta leƙo waje kamar ƙaramin tumatir, an manna mata jakar roba. Na ce, "Innalillahi! Sun manta ba su mayar masa da hanjinsa ba!" Nas ɗin ta yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Likitan da ya yi aikin ya zo ya yi mana bayani da ya farfaɗo. Kolostomi, in ji shi, ya maimaita har kalmar ta zauna min. Ta wannan ƙofar bayan gida zai riƙa fita cikin jakar, don hanjin da ke ciki ya huta ya warke. Bayan wata shida mu dawo, a haɗa hanjin, a rufe ƙofar, ya koma kamar kowa.

"Amma da sharaɗi, Malam," in ji shi. "Kada ka ɗauki abin da ya fi butar alwala nauyi. Ka riƙa tafiya, tafiya magani ce. In kuma za a ɗaura maka wani abu a ciki, a tallafe shi, kada a matse."

Wata shida. A kan wannan alkawarin muka rataya rayuwarmu gaba ɗaya. Likita na fita Malam ya kamo bakin mayafina ya ce, "Saude, in kina ƙaunar Allah da Annabi, kada wani mahaluƙi ya ji wannan. A ce an yi min aiki, shi ke nan." Ƙaninsa da ya gani da idonsa, shi ma sai da ya sa shi ya rantse.

Sati na biyu jakunkunan da asibiti ya ba mu suka ƙare. A kemis yau akwai, gobe babu, in akwai kuma sai ka riƙe baki in an faɗi kuɗin. Riɗin da muka ajiye don mu sayar in ya yi tsada, a nan ya tafi. Wata nas mai tausayi ta koya min yadda zan yanka farar leda in manna ta da filasta. Da wannan ilimin aka sallamo mu a sati na uku.

A gida 'yan dubiya suka cika tsakar gida. Ga zafin bazara ya kankama, Malam yana zaune cikin babbar riga, hannunsa na hagu kullum a kan gefen cikinsa. In cikin ya yi ƙugi a gaban mutane sai ya ƙirƙiro tari don ya rufe. Masallaci ya daina zuwa, ya ce jiri ke damunsa, alhali wani malami da ke zuwa dubiya asibiti ya gaya masa mai lalura ne, sallarsa ta yi. Tafiyar da likita ya ce kuwa, ina! In ledar ta ɗan cika sai ta ja ƙasa, zufa ta ɓalle filastar, kafin ya kai zaure ya juyo a duƙe yana dafe da gefe. Dole a samo abin da zai riƙe masa ita.

Na fara da wando. Tazugensa daidai kan wurin yake faɗawa, na farke duka wandunan na sassauto da su. Na gwada majanyin goyona, ya yi laushi amma ba shi da faɗi, yana motsi sai ya naɗe ya koma igiya. Ƙaninsa ya je gwanjon Maigatari ya dawo da wata ɗamarar roba mai maɓallan ƙarfe a jere, mai gwanjon ya rantse masa wai ta 'yan ƙwallo ce. Malam ya wuni da ita, zufa ta taru a ƙarƙashi, fata ta yi ƙuraje rututu. Da na zo wankewa sai na ga leshi a bakinta da ɗan fure. Na ce, "Malam, wannan fa ta matan Turawa ce masu neman siririn ƙugu." Tun da muka dawo, ranar ya fara dariya, yana yi yana riƙe ciki yana cewa in bari don Allah.

Ana cikin haka Yaya Hansai ta zo. Yayar Malam ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi da mahaifiyarsu ta rasu. Ungozoma ce a wani ƙauye ta wajen Sule Tankarkar, rabin yaran yankin ita ta yanke musu cibi. Ni kaina duk haihuwata a hannunta na yi wankan jego, ita ta ɗaure min ciki, kuma gaskiya ba zan ɓoye ba, ban taɓa sanin ciwon baya ba. Mace ce mai hannu, mai baki kuma.

Ta ga ya fito daga ɗaki a duƙe, ta ajiye ƙullinta ta tafa hannu.

"Wannan tafiyar tsohuwa fa? Saude, cikin da aka buɗe iska ta shiga, ba a gasa ba, ba a ɗaure ba? Ke da na ɗaure miki ciki da hannuna, kika zuba ido ƙanena yana tafiya kamar mai neman allura a ƙasa?"

Na ce, "Yaya, likita ya ce kada a matse."

"Likitan ya taɓa haihuwa?"

Ta ce a ɗora tukunyar ruwa a gasa cikin. Malam ya ce a'a, don gashi sai an tuɓe riga. Ita ma ba ta matsa ba, ƙato da gemu, ba za ta kalli cikin ƙanenta a buɗe ba. Amma ɗauri babu fashi. Ta zaro zanen saƙi mai kauri, ta ninka shi a tsaye, ta sa shi ya miƙe da singileti da 'yar shara a jikinsa, ta kau da fuska gefe ta naɗa. Ta sa gwiwa a bayansa ta ja, irin jan da take yi wa maijego. Leda ta yi ƙara a ƙarƙashin rigar.

"Mene ne wannan?"

"Bandeji ne, Yaya," in ji shi, idonsa a kaina.

Na buɗe baki, ya watso min wani kallo, na haɗiye. Wallahi har yau in na tuna kallon nan sai raina ya ɓaci. Ita a zatonta ɗinki ne kawai, irin na matan da ake yi wa aiki a ciro jariri.

Abin takaicin shi ne, ya ji daɗi. Ya miƙe sambal, ya ja numfashi, ya ce, "Alhamdulillahi, yau na ji ni mutum." Ya taka har bakin titi ya dawo bai dafe gefe ba. Yaya Hansai ta dube ni ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kafin ta koma, da ta lura ni ba na ja da ƙarfi, ta koya masa ya ɗaura bakin zanen a jikin ginshiƙin rumfa, ya ja baya, ya riƙa juyawa yana naɗe kansa a ciki. Ba ya ma bukatar hannuna ke nan.

Ni ce mai kwancewa da la'asar, ni na san abin da nake tararwa. Bayan gidan da ya rasa wurin zuwa sai ya bi ƙarƙashin filasta ya shafe fata, fatar ta saɓe. Tsokar nan ja ta yi duhu kamar ɗanyar hanta, tana tsattsafar jini. Na yi magana, ya ce zai bari in ya ƙara ƙarfi. Sai kuma ya gano wata dabara: in bai ci ba, babu abin da zai fito. Ya daina karyawa, ya daina cin rana, sai ɗan kunu in rana ta yi sanyi. Mutum ya fara zubewa ina kallo, masu zuwa gaisuwa kuwa suna yabon yadda ya miƙe.

Sista Rahila ce ta cece mu a wannan karon. 'Yar Filato ce, Kirista, mijinta malamin gona ne da aka turo yankinmu, ita kuma tana aiki a ƙaramin asibitin sha-ka-tafi. A wurinta nake samun filasta da auduga, sai ta lura da yawan zuwana.

"Maman yara, wane irin gyambo ne wannan da ba ya ƙarewa?"

Sai hawaye suka zubo min. Ta tambaye ni aikin me aka yi masa a Kano, a wane gefe, na nuna da hannu a jikina. Ban karya rantsuwa ba, ita ta gane da kanta, don ta yi aiki a ɗakin tiyata a garinsu. Da ta tashi daga aiki ta biyo ni gida. Ta ce masa, "Maigida, ni ma'aikaciya ce, na ga irin wannan ba adadi, kuma abin da na gani a ɗaki a ɗaki yake kwana." Da ƙyar ya yarda. Da ta kwance zanen ta ga wurin, sai da ta ambaci sunan Allah da harshensu.

"Wa ya ce maka ana ɗaure ƙofa? Kashe kanka kake so ka yi?"

Ta zauna a kan tabarma ta zana min da yatsa a ƙasa abin da zan ɗinka. Ga shi nan, mai bukata ta riƙe. Yadin alawayyo mai laushi, a wanke shi sosai sitacin ya fita, a ninka biyu. Faɗinsa daga ƙasan haƙarƙari zuwa ƙashin ƙugu, don kada ya naɗe. A huda rami daidai ƙofar, a daje bakin ramin da tsumma mai laushi, jakar ta fito ta nan. A ɗinka mata aljihu a waje ta zauna a ciki, nauyinta ya sauka a kan yadi, fata ta huta. Igiyoyi a gefen dama, sama da tsakiya da ƙasa. A ɗaura yana kwance, kuma in tafin hannu bai shige tsakanin yadi da fata ba, to an matse. Roba da nailan a bar su, zafin ƙasarmu ba ya shiri da su. A ɗinka da dama, in wannan ta jiƙe da zufa a sauya.

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, wannan ta tafiya ce, da salla, da zaman hira. Babu ɗamarar da za ta ba ka izinin ɗaukar garma."

Ya hana a kai wa tela, don tela zai tambayi ramin na mene ne. Da hannu na ɗinka, allura ta ci yatsuna. Amma ɗamarar ta yi aiki. Cikin 'yan makonni fatar ta kame, tsokar ta dawo ja, ya koma cin tuwo. Da safe ya taka har bakin gona ya dawo, hannuwansa biyu a sake. Ya koma masallaci, yana tsayawa a ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Na ninke zanen saƙin na cusa a ƙasan akwati, na ce wahala ta ƙare, saura mu ƙirga wata mu koma Kano.

Sai ruwa ya sauka, saura kamar wata biyu. Ƙaninsa da maƙwabta suka yi masa shuka, Allah Ya biya su. Amma kowa da tasa gonar. Da noman farko ya zo, ciyawa ta taso ta haɗiye geron. Aka sa ranar gayya, aka ɗaga, aka sake ɗagawa, don an yi rasuwa a unguwa. Abin biyan 'yan ƙodago babu, asibiti ya lashe. Rumbunmu kuwa ana ganin gindinsa. Malam zai je ya tsaya a bakin gonar nan, ya dawo ya zauna ko gaisuwar yara ba ya amsawa.

Wata safiya na fito daga madafa na same shi a gindin rumfa yana juyi, zanen saƙi yana naɗe shi.

"Malam! Saura kaɗan fa!"

"Yunwa ta san saura kaɗan? Ɗamararki ta zaman gida ce, in na sa ta ji nake kamar ban ɗaura komai ba. Wannan shi ke riƙe ni."

"Ba riƙe ka yake ba, hana ka jin ciwon yake!"

Ya ɗauki fartanya ya fita. Na ɓoye zanen a gidan maƙwabta, ya ɗauko rawaninsa ya yi da shi. Na ce to ni da yara za mu yi noman, ya ce ranar da matarsa ta duƙa a gonarsa yana raye, a haƙa masa kabari. Na yi kuka, na yi faɗa, na yi yaji na wuni guda na dawo don ba mai wanke masa wurin sai ni. Na turo Sista Rahila, ya gaishe ta da mutunci, ya ce ya ji, gobe da sassafe ya sake fita. Daga fartanya kuma ya koma garma, don huɗa ta zo.

Kumburin ya fara ne a gefen ƙofar, kamar lemon tsami, in ya kwanta sai ya koma. Sista ta taɓa wurin ta ce ƙaba ce, naman cikin ya tsage daga ciki hanji yana turowa, a tafi Kano yanzu. Ya ce in ya gama huɗa. Bai gama ba. Wata rana da hantsi aka kawo shi a amalanke, yana amai, kumburin ya kai girman ƙoƙo ya yi tauri ya ƙi komawa, jakar kuwa wayam babu komai a ciki.

Muka sake bin hanyar nan, muka sake bin layukan nan. Wannan karon kekensa aka sayar. Likitan dai shi ne wanda ya yi masa aikin farko. Ya ga shatin zane a fatarsa har ya yi baƙi, ya dube ni ya ce wa ke yi masa wannan ɗaurin. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Bayan aikin ya zo ya tsaya a bakin gado ya ce hanjin ya shige cikin ƙabar ya shaƙe, an sake yanke mai yawa. Abin da ya rage ba zai kai a haɗa ba, jikinsa kuma ba zai ɗauki wuƙa ta uku ba.

"Sai haƙuri, Malam. Wannan ƙofar ta zama taka."

Malam ya juya ya fuskanci bango. Bai ce komai a kan maganar ba har aka sallame mu, har muka iso gida. Geron kuwa ya yi kyau a shekarar, zangarniya sambala-sambala, ni ko kallonsa ba na son yi.

Sista Rahila ta ce in yi adalci: garma ce ta tsaga cikin, zanen dai shi ya ba shi ƙarfin ƙarya ya ɗauke ta. Na yarda. Amma ina jin haushin kunyar da ta sa gida guda ana jinyar abin da ba wanda ya gani, kowa yana ba da maganin ciwon da yake zato. Ina jin haushin Malam, ina tausayinsa, duka a lokaci guda. Ina kuma gode wa likitan nan, da nas ɗin da ta koya min yankan leda, da Sista da ba ta taɓa karɓar ko ruwan sha a ladan zuwanta ba, da ƙanen Malam da har yau shi ke noma mana gonar. Ke da ake karanta wa wannan, in masu ba da shawara suka zo, kafin a ɗaura komai a ga wurin tukuna, ko da mutum ɗaya ne babba a dangi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mun yi kamar sati biyu da dawowa Yaya Hansai ta zo. Da ma ta leƙa asibiti sau ɗaya, amma a lulluɓe ta same shi. Wannan karon da tabarmarta da ƙullin kayanta ta iso, alamar zama ta zo yi. Ta zaro sabon zanen saƙi, ya fi na farko kauri.

"Na ji duk abin da ya faru. Sako-sako aka riƙa yi masa, shi ya sa ɗinkin ya saki. Wannan karon ni zan zauna in riƙa ɗaurawa da hannuna har ya haɗe."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba tun da aka kawo ni gidan. Ranar na tsaya a ƙofar ɗaki na ware hannuwa.

"Yaya, wallahi tallahi sai dai ki bi ta kaina."

"Ke Saude! Ni kike tare wa ƙofar ɗakin ƙanena?"

Daga ciki Malam ya ce, "Saude, bar ta ta shigo."

Na kauce. Ya dafa bango ya miƙe. Ya yaye rigarsa zuwa ƙirji, ya sa hannu ya kwance igiyoyin alawayyon da kansa. Yaya Hansai ta kau da kai da sauri.

"Subhanallahi, me kake yi haka?"

"Yaya, ke kika yi min wanka ina jariri. Duba."

Ta juyo a hankali. Ta ga ɗinki biyu, ta ga jakar, ta ga tsokar nan ja a cikinta tana motsi. Zanen ya sulale daga hannunta. Matar da ta ga jinin haihuwa iya rayuwarta, sai ga ta zaune daɓas a ƙasa.

"Hanjinka ne wannan? A waje?"

"Shi ne."

"Tun wancan zuwan nawa yana nan?"

"Yana nan."

"A kan wannan na sa gwiwa na ja?"

Ta dube ni, ta dube shi. Can ta share fuska da bakin mayafi, ta gyara murya, irin ta wanda ya saba a ce masa komai na da magani.

"To yaushe za su mayar maka da shi ciki?"

"Ba za su mayar ba, Yaya."

Ranar na fara jin ya faɗa da bakinsa. Ta ɗora hannu biyu a ka. Ni kuma na kama shi na kwantar, na shiga mayar masa da igiyoyin, don jakar ta fara nauyi.